Hoton da Ya Ci Kwana Tara

Ashiru malamin firamare ne a Roni, mutum mai fara'a da saurin sabo. Ɗaukar hoto ba sana'arsa ba ce, sha'awa ce kawai. Tun da ya sayi wata tsohuwar kyamara a hannun abokinsa, duwatsun Kazaure da na Roni suka shiga uku, babu wanda bai hau ba. A faɗi gaskiya, Allah ya ba shi ido. Aibinsa ɗaya ne, son yabo. Idan aka ce masa, "Kai, wannan hoto ya yi!" to ranar bakinsa ba zai rufu ba.

Muna da zaure a WhatsApp, mu wajen arba'in, masu wannan sha'awa daga Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa. Akwai tela a cikinmu, akwai direba, akwai ma'aikaciyar jinya. Duk ranar Juma'a kowa zai sa hotonsa da ya fi kyau, a yaba, a kushe, a fitar da gwanin mako. Ko sisi ba a samu, suna ne kawai. Ni mai ba ku labarin nan ina ciki, kuma ba zan wanke kaina ba.

A yawon ɗaukar hoto Ashiru ya haɗu da Baffa Daudu, wani dattijo Bafulatani da rugarsu take bayan wani dutse kusa da Roni, suna kiwo suna noma. Dattijon ya same shi a mashayar dabbobi yana ƙoƙarin ɗaukar shanu hoto, sai ya yi dariya ya ce, "Malam, idan ka tsaya ta gabansu guduwa za su yi. Zo nan kusa da ni." Daga nan ya ja shi gida aka dama masa fura. Shekara biyu ana haka, har Ashiru ya zama ɗan gida. Yana ɗaukar yara hoto, ya wanko ya kawo musu, matan rugar suna kiransa Mai Kyamara.

Ɗan farin Baffa Daudu sunansa Mamuda, magidanci mai shekara talatin da biyar. A duk shekarun nan ba wanda ya taɓa jin Baffa ya ambaci sunansa. Sai dai ya ce "wancan", ko "mai jan bijimi". Idan Mamuda ya shigo inuwar da yake zaune, Baffa zai tashi ya ce zai duba maraƙi. Baƙo zai ɗauka ba ya ƙaunarsa, alhali kunyar ɗan fari ce, kuma a gidan nan an riƙe ta da ƙarfi. Ashiru ya san wannan sarai.

Da damina ta yi tsakiya Mamuda ya kwanta ciwo. Aka kai shi asibiti, aka yi kwanaki, aka ce a dawo da shi gida a ci gaba da addu'a. Kullum da safe Baffa zai tsaya daga nesa ya tambayi mata, "Yaya mai jiki ya kwana?" Idan aka amsa, sai ya juya ya tafi.

Wata Laraba, lokacin hutun makaranta, Ashiru ya iso rugar da hantsi. Maza duk suna gona, mata sun tafi tallan nono, gidan shiru. Yana shirin yin sallama sai ya ji wata murya ƙasa-ƙasa daga bayan zana. Ya leƙa ta wata kafa.

Baffa Daudu ne zaune a tabarma, kan Mamuda a cinyarsa. Yana ɗebo madara da ludayi yana ba shi kaɗan-kaɗan, yana goge masa baki da gefen rawaninsa. Hawaye yana bin gemunsa.

"Sha, Mamuda," in ji shi. "Ƙara ko ɗaya, ɗana."

Zuciyar Ashiru ta ce masa ya koma da baya, wannan ba wurin da ido zai tsaya ba ne. Amma hasken da ya ratso zanan ya sauka daidai a fuskokinsu, ga Juma'a saura kwana biyu. Ya ɗaga kyamara ya ɗauka sau ɗaya. Ya lallaɓa ya hau babur ɗinsa ya tafi, ko sallama bai yi ba.

Ranar Juma'a ya sa hoton a zaure, ya rubuta kalma ɗaya a ƙarƙashinsa: "Uba." Wallahi zauren ya kusa tsagewa. Ni da hannuna na rubuta cewa wannan ya wuce gwanin mako, na shekara ne. Mutum ɗaya ce ta taka birki, Sadiyya ma'aikaciyar jinya. Ta ce, "Malam Ashiru, dattijon nan ya san an ɗauke shi kuwa?"

"Haba Malama, ai gidanmu ne," in ji Ashiru.

Ba wanda ya ƙara tambaya. Wani a cikinmu ya tura wa ɗan'uwansa, shi ma ya tura gaba. Abin da ya shiga waya kuwa ba shi da linzami.

Ranar kasuwa Baffa Daudu ya je sayen kanwa don shanu. A nan ya yi kiciɓis da Dunoma, wani Babarbare mai sayar da hatsi, abokin wasansa na shekara arba'in. Kun dai san Barebari da Fulani, ba sa haɗuwa a rabu ba a tsokani juna ba. Dunoma ya zaro waya yana kyakyata dariya.

"Kai Fillo, zo nan! Ashe ku ma kuna kuka? Ina fulakon da ake cika mana baki da shi? Jama'a, ku zo ku ga bawana yana shayar da ɗan fari!"

Mutane suka taru suna leƙe. Dunoma bai nufi sharri ba, bai ma san ciwon ya yi tsanani ba. Baffa Daudu ya dubi wayar sau ɗaya. Ya ja rawani ya rufe bakinsa, ya bar kanwar a nan ya kama hanyar gida.

Kafin ya isa, hoton ya riga shi. A rugar ba wanda ya zarge shi, matan ma kuka suka yi don tausayi. Amma shi gani yake duk ido a kansa yake. Tun daga ranar, da sassafe zai kora shanu da kansa, aikin da ya bar wa ƙannen Mamuda tun tuni, ba zai dawo ba sai rana ta faɗi.

Kwana bakwai bayan haka Ashiru ya zo gaishe da mai jiki, bai san wainar da ake toyawa ba. Ya ga matan sun amsa gaisuwarsa ciki-ciki. Da ya shiga wajen Mamuda, sai marar lafiyar ya kamo hannunsa ya yi magana da ƙyar.

"Malam, ba ka ga Baffa a hanya ba?"

"Ban gan shi ba."

"Zan gaya maka wata magana, amma ka riƙe ta. Da, idan kowa ya fita, yana zuwa ya zauna da ni. Har sunana yake kira. Yau kwana bakwai bai zo ba. Na yi ta tunani, ban gano laifin da na yi masa ba."

Ashe ba wanda ya iya gaya wa Mamuda zancen hoton. Ashiru ya ba shi haƙuri, ya yi masa addu'a. Da ya fito, wata tsohuwa ta ja shi gefe ta faɗa masa abin da ya faru a kasuwa. Ya bi sawun shanu yana neman Baffa, ya ɗan zaga bai gan shi ba, a ransa ma yana tsoron ya gan shi. Ya ce bari ya dawo jibi idan ya shirya abin da zai faɗa.

Jibin da hantsi Mamuda ya cika. Baffa Daudu yana daji tare da shanu, sai aikawa aka yi.

Bayan sadakar bakwai, da mutane suka ragu, Ashiru ya je ya durƙusa a gaban dattijon yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ya ce, "Baffa, ni na ɗauka, ni na yaɗa. Ku yafe mini don Allah."

Baffa Daudu ya ce, "Hoton yana nan?"

"Na cire shi daga zaure. Saura na cikin kyamara, yanzu zan goge shi a gabanku."

"Kawo in gani tukuna. Ranar nan ban duba da kyau ba."

Ashiru ya miƙa masa. Dattijon ya riƙe kyamarar da hannu biyu, ya kusanto da ita fuskarsa, yana shafa gilashin da babban yatsa. "Allah sarki, ashe haka ya rame," in ji shi. Sai ya numfasa. "Tun ranar da aka haife shi nake son in ɗora shi a cinyata, ban samu ba sai da ya kwanta. Wata biyu na samu. Ni ma ina da laifi, Malam. Da na toshe kunnena na shiga, ba wanda zai dake ni. Kullum ina cewa gobe."

Ya mayar masa da kyamarar a hankali.

"Nawa haƙƙin na yafe maka duniya da lahira. Amma kwana taran nan da na ƙaurace masa ba nawa ba ne ni kaɗai. Rabinsu na Mamuda ne." Ya ɗaga hannu ya nuna bayan dutse, inda sabon kabarin yake. "Shi kuwa ga shi can."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ba duk abin da ido ya gani ne ya halatta a nuna wa duniya ba. Wanda ya buɗe maka ƙofar gidansa amana ya ba ka, kuma kyawun hoto ba ya zama izini. Kafin ka ɗauki mutum, tambaye shi. Kafin ka yaɗa, sake tambayarsa. Kai kuma da aka turo maka, kada ka yi saurin yabo da turawa gaba irin yadda muka yi, ka fara tambaya ko mai hoton ya sani. Yabon mutane na yini ɗaya ne, amma abin da son yabo ya ɓata, wani lokacin wanda za ka nemi gafararsa ma ba za ka same shi ba.