Hannun da Auta Ta Ƙi Miƙawa

Akwai wani dattijo da ke koyar da aikin fitilu a ɗakin wasan kwaikwayo na wata kwaleji. Baba Mai Fitila ɗalibai ke ce masa. Wurin zamansa wani ɗan ɗaki ne can bayan 'yan kallo, gaban wani allo mai jerin makunnai, waɗanda in an tura sama haske ya ƙaru, in an ja ƙasa ya ragu. Mutum ne mai faɗa a kan aiki. In ɗalibi ya banko haske lokaci guda, sai ya ji daga bayansa: "Kai, kaji kake kora? A hankali ake tada fitila."

Autarsa ma a kwalejin take, amma a wani sashe. Tana koyon aikin mataimakan likitocin gashin ƙashi, masu taya mara lafiya sake koyon tafiya da riƙe cokali bayan ciwo ya kayar da shi. Kowa a gidan ya san in Auta ta kafe, to ta kafe. Ba daga nesa ta ɗauko ba, wajen uban ta gada.

Wata safiya Baba ya faɗi a ƙofar banɗaki. Hawan jini ya shanye masa ɓarin dama. Sannu a hankali ƙafar ta dawo, bakin ya warware, amma hannun ya kwanta a cinyarsa, yatsun a dunƙule.

Malamar su Auta ce ta duba shi a asibiti. Ta ce, "Da sauran rai a hannun nan. Amma in aka bar shi yana hutawa, a haka zai sandare, kuma shi ke nan." Ta juya ga Auta. "Kin dai san dokarmu."

Auta ta sani. Ita ce farkon abin da aka koya musu: ki tsaya kusa, idonki a kan mara lafiya kada ya faɗi, hannuwanki a baya. Abin da zai iya yi da kansa, ko zai wuni a kai, ba kya yi masa.

To, sai ga Goggo, yayar Baba, ta tare a gidan, tunda mahaifiyar Auta ta daɗe da rasuwa. Goggo tana son ƙaninta, wannan ba mai musu. Ita ke ba shi abinci a baki, ta sa masa hula, ta kai masa kofi har leɓe. Da ana yi wa mutum numfashi, da ta yi masa.

Ranar da abin ya fashe, Baba yana fama da maɓallin rigarsa, Auta tana tsaye gabansa, hannuwa a baya.

"Auta, ɓalla min abin nan."

"Baba, sake gwadawa. Kama da na hagu, ka tokare da na dama."

Goggo ta fito daga kicin kamar an jefo ta. "Ke wace irin 'ya ce? Ubanki na roƙonki kin tsaya kamar soja. Karatun rashin imani ake koya muku?"

"Goggo, in kika ci gaba da zama hannunsa, nasa ba zai tashi ba."

"Ni za ki koya wa jinya? Na goya shi kafin a san za a yi ki."

"Kin goya shi, Goggo. Amma ai kin sauke shi ya koyi tafiya."

Goggo ta ture ta, ta ɓalla maɓallin. Baba kuwa ya ɗauki ƙwallon robar da aka ba shi ya riƙa matsawa, ya cilla shi ƙarƙashin kujera. "Ni ba yaro ba ne," in ji shi. Daga ranar ya daina yi wa Auta magana.

Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Takan shige ɗaki ta yi kukanta, ta wanke fuska, ta fito kamar ba ita ba. Ga tsoro kuma, don tana ganin yatsun suna ƙara tauri. Amma ba ta ba da haƙuri ba, ba ta kuma ɓalla maɓalli ba.

Sai ta je ɗakin wasan. Ɗaliban Baba suna shirin wasan ƙarshen shekara, suka tono mata wani tsohon allo daga sito, da ƙananan fitilu biyu. Ta kafa su a falo, daidai gaban kujerarsa.

"Yanzu kuma sinima za a buɗe mana?" in ji Goggo.

Auta ta banko fitila ɗaya, ta kashe, ta banko ɗayar. Kullum ta dawo daga makaranta haka za ta zauna tana ɓata aikin da gangan. Baba ya kau da kai. Ya yi tsaki. Ya rufe ido. Rannan dai abin ya fi ƙarfinsa.

"Ke, kaji kike kora?"

Auta ta dake. "Iyakar iyawata ke nan."

"Ɗaya na sauka, ɗaya na hawa, a tare. Hannu biyu ake sa wa."

"Ni fa ban gane ba, Baba."

Ya harare ta, don ya san ta gane sarai. Sannan ya kama hannun dama da na hagu, ya ɗora shi a kan allon. Ya tura makunnin da bayan yatsa. Gumi ya keto masa. Fitilar ta ɗan yi ja, ba ta kai ko hasken ashana ba.

"Matso da shi nan," in ji shi. "Kin ajiye shi a karkace."

Malamar ta ji labari, ta sa allon cikin atisayensa. Watanni suka wuce. Hannun bai koma yadda yake da ba, amma babban yatsa da manuni sun buɗe.

Ranar wasan, ɗalibai suka dage sai shi zai haska fitowar ƙarshe. Ya zauna gaban allonsa, Auta a gefensa, Goggo a bayanta da gorar ruwa. Na hagu ya soma sauke fitila, na dama yana tada ɗayar. A tsakiya na daman ya ƙi gaba. Dandamali ya tsaya cikin rabin duhu. 'Yan wasa suka yi cirko-cirko, 'yan kallo suka fara waige.

Baba ya ɗago ido ya dubi Auta.

"Don girman Allah ki tura masa," Goggo ta raɗa. "Zai ji kunya gaban jama'a."

"Zai kai," in ji Auta. Ba ta motsa ba, hannuwanta a baya.

Ya cije leɓe, ya tura. Hasken ya taso a hankali, a hankali, har ya cika dandamalin. Aka ɗauki tafi.

Sai Auta ta ji an kama hannuwanta daga baya. Goggo ce, ta ajiye gorar ruwan a gefe. Ta raba su da ƙyar, ta juya su a hasken allon. Farcen Auta ya nutse a tsintsiyar hannunta har jini ya tsattsafo, ga tsofaffin tabo a gefe.

"Dama haka kike yi kullum?"

"Kullum, Goggo."

Idon Goggo ya cika. Baba ya miƙa hannun dama zai ɗauki gorar ruwan, yana ta lalube. Goggo ta zabura za ta ba shi, sai ta tsaya. Ta dubi Auta, ita ma ta mayar da nata hannuwan baya.

Darasi: Ba kowane taimako ne ke tada mutum ba, wani kwantar da shi yake yi. Wanda ya bar ka ka gwada da kanka, yana tsaye kusa kada ka faɗi, wataƙila ya fi kowa jin zafinka. Ku tura wa duk mai jinyar wani nasa, da duk wanda ake kira marar tausayi alhali tausayin ne ya ɗaure masa hannu.