Telar da Ta Auna Tsagar Bangonta

Akwai wata tela da ba za ta manta ranar Talata, tara ga watan Yuni ba. A ranar ne maƙwabcinta, wanda ake kira Mai-Bene, ya kawo motar haƙa ta fara tonon harsashin gini. Tsakanin ramin da bangon gidanta bai kai taku biyu ba.

Bayan bangon nan ɗakin mahaifiyarta yake, tsohuwar da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar shekara huɗu.

Washegari Tela ta ga tsaga siririya kamar zare, daga saman taga har ƙasa. Ta je ta sami Mai-Bene cikin ladabi.

"Ranka ya daɗe, bangona ya fara tsagewa, kuma Inna ce a ɗakin."

Ya yi dariya a gaban ma'aikatansa da mutanen layi. "Baiwar Allah, gidanki ya girmi kakata. Tsohuwar tsaga ce kike so ki laƙa mini. Je ki ɗinke ta mana, ba tela ba ce ke?"

Ta koma gida, ta yi abin da ta iya. Kowace safiya kafin ta hau keken ɗinki, sai ta ɗora tef ɗinta na awo a kan tsagar, ta rubuta faɗinta da kwanan wata a littafin da take rubuta awon masu kawo ɗinki.

Satin farko allura ce ke shiga. Sati na uku, ɗan yatsa. Duk lokacin da motar ta yi ruri, ƙasa na zubowa cikin kwanon Inna.

"'Yar nan," in ji tsohuwar, "in kin ji ƙara, ki fita da yaranki. Kada ki tsaya ɗaga ni."

A ranar nan Tela ta mayar da gadon Inna zaure, kusa da keken ɗinki, ta kai ƙara kotu, da littafin awonta a matsayin hujja.

Lauyan Mai-Bene ya ce littafin a zama ɗaya aka ƙirƙire shi. Alƙali ya buɗe, ya ga awon bangon a tsakanin awon kafaɗar wannan da tsawon hannun waccan, shafi bayan shafi. Masu kawo ɗinki biyu suka shaida ranakun da aka auna su. Injiniyan da kotu ta tura ya auna tsagar, awonsa ya yi daidai da na Tela.

Kotu ta tsayar da aikin, ta umarci Mai-Bene ya sake gina bangon. Magina na taɓa shi ya rufta gaba ɗaya, daidai inda matashin Inna yake a da.

Bango ya tashi sabo. Amma har yau mutumin nan bai ce mata "yi haƙuri" ba.

Darasi: Idan aikin maƙwabci ya fara taɓa gidanka, kada ka tsaya cacar baki. Ka auna, ka rubuta da kwanan wata, ka nemi shaidu, ka je kotu tun bango yana tsaye. Shi kuma Mai-Bene, a gaban mutanen layi ya mayar da ita maƙaryaciya, don haka a gabansu ya wajaba ya nemi gafararta da ta mahaifiyarta. Ku tura wa duk mai gida da kuka sani, har saƙon ya isa kunnensa.