Magen da Ta Tona Min Asiri

Jama'a, ina neman shaidu. Idan akwai kotun da ke sauraron ƙarar dabbobi tsakanin Rano da Kibiya, a nuna min ƙofarta, yau ɗin nan zan shigar da ƙara. Abin da nake nema kaɗan ne: a tattara duk wata mage da ke ƙasar nan, farare da baƙaƙe da masu dabbare-dabbare, a loda su a tirela a kai su inda ba a dawowa. Ba don kaina nake faɗa ba, don 'yan baya. Ni an riga an cuce ni. Ni Malam Shitu mai wankin hula, wanda idan ya sa wa hula kari ko ango daga birni sai ya tambayi hannun wa ta biyo, ni da ban taɓa fita da hula ɗaya kwana biyu a jere ba, wai ni ne yau mata ke nunawa da baki idan na wuce. Wa ya jawo? Wata halitta da ba ta kai nauyin kwanon gero ba.

Ana cewa wai ina da son yabo. Sharri ake min. Ni dai ba na son a ga abin yabo a yi shiru ne kawai.

Ga yadda abin ya faro. Matata Ramlatu 'yar Tarai ce, kuma tana da wani irin gyaɗa da ta gada wurin mahaifiyarta Iya, Allah ya jiƙanta. 'Yar ƙarama ce, ja, mai saurin nuna, ga mai kamar an zuba mata. A Tarai ɗin ma an daina shuka ta, kowa ya koma sabon iri, Ramlatu kaɗai ta riƙe. Duk kaka sai ta ware buhu biyu da ɓawonsu, ta ɗinke baki, ta ɗora a kan katako a cikin sito ta kulle. Ba a buɗe ɗakin nan sai ruwan shuka ya sauka. Haka ta ga Iya na yi, haka take yi. A ƙasan ƙofar akwai wata 'yar kafa da aka bari da gangan, daidai shigar mage.

Magen kuwa wata Bafillatana mai kawo mana nono ce ta kawo ta, a cikin ƙwarya an rufe da faifai. Ramlatu ta sa mata suna Dogariya, don aikinta gadi. Gaskiya ɗaya zan faɗa a kanta: ta yi gadin. Kusan kullum da safe za ka tarar da ɓera a shimfiɗe a ƙofar sito. Amma ni, mai gidan, ko kallo ban ishe ta ba. In na kira ta, kunne ɗaya take juyawa, shi ma ba don ni ba.

Da abin ya tsaya a cikin gida da na haƙura. Sai rannan da la'asar muna zaune a zaurena inda nake aiki, majalisa ta cika, ta fito tana miƙa. Ta wuce ni kamar ta wuce turmi, ta tafi wurin Habu mahauci tana goga kanta a ƙafarsa.

Habu ya washe baki ya ce, “Kun gani ko? Mage ba ta raɓar mai mugun ciki. Zuciya take dubawa. Malam Shitu, kai da take kwana a gidanka, me ka yi mata ne?”

Aka kwashe da dariya, har da wanda ya kawo hularsa wanki. A zaurena! A kan tabarmata! Na ce a raina, Habu, zuciyar me? Ƙarnin nama ne a jikinka tun daga ƙeya har diddige. To, ai ni ma na san hanyar kasuwa.

Washegari na sayo bandar kifi, na ɓarɓasa na zuba a aljihun babbar rigata na ciki. Kwana uku kacal, da na zauna sai ga ta a cinyata. Nan take na sauya mata suna, ta koma Gimbiya, don ba ya yiwuwa mai zama a cinyar mutum irina a riƙa kiranta da sunan 'yan gadi. Daga nan na zama malamin halayen mage na unguwa. Idan ta goga kai a ƙafata, na ce mubaya'a take yi. Idan ta hau cinyata tana mammatsawa da ƙafafun gaba kamar mai kwaɓin fanke, na ce tausa ce, kuma manya kaɗai ake yi wa. Idan ta kalle ni ta lumshe ido a hankali, na ce kwarjini ne ya yi mata yawa. Wannan ƙarar da take yi a maƙogwaro kamar an tada ƙaramin janareta kuwa, na ce kirari ne, sai mai zurfin ilimi ke gane baitocin. Ranar da ta naɗe jiki ta kwanta a cikin wata hula da na kifar, na ce, “Ku duba, ta san inda mutunci yake zama.”

Habu ya ce, “To me ya sa ba ta daɗewa? Da ta ɗan taɓa jikinka sai ta koma sito. Ashe ɓera ya fi ka farin jini.”

Wannan maganar ce ta hana ni cin tuwo. Ku yi min adalci, wane mai hankali zai yarda a haɗa shi gasa da ɓera, kuma ɓeran ya yi nasara?

Ran nan Ramlatu ta tafi barkar suna. Mukullin sito yana rataye a ƙusa bayan kwallarta. Abin da ya faru a cikin 'yan mintocin nan, zan zo kansa. Abin da ya kamata ku sani yanzu shi ne, daga wannan rana Gimbiya ta tare a zaure, safe da yamma, ta yi ƙiba, gashinta na sheƙi, Habu kuma ya daina yi min ba'a.

Sai dai ta ɓullo da wasu sababbin halaye. Ta kan je ƙofar sito ta zauna ta ƙura wa kafar ido, jela na bugun ƙasa, haƙora na karkarwa kamar mai jin sanyi. Ta tura kai ciki ta ja da baya. Ta yi kuka ta zo ta kalli Ramlatu, ta koma ta sake yi.

Ramlatu ta ce, “Malam, me ya sami Dogariya ne? Na yi makonni ban ga ɓera a ƙofa ba.”

Na ce, “Ai ta gama da su. Kin taɓa ganin soja na harbi bayan an gama yaƙi?”

“To kukan fa?”

“Kewar aiki ce.”

Ta ɗauko mukulli ta ce, “Hankalina bai kwanta ba. Bari dai in buɗe in duba.”

Na gyara murya na ce, “Ramlatu, Iya ta taɓa buɗe iri kafin ruwa? Yau don ba ta raye za ki sauya mata tsari?”

Ta mayar da mukullin kan ƙusa. Na san inda zan taɓa, kuma nan na taɓa.

Bayan kwana kaɗan mage ta shigo zaure da wani ƙaton ɓera da ta kamo a bayan sito, ta ajiye shi a cikin takalmina na zuwa Juma'a. Na ce, “Gaisuwa ce. Haka ake kai wa manya kamu.”

Habu ya ɗaga shi ta jela ya juya shi, irin kallon da yake yi wa rago a kasuwa. Ya ce, “Malam Shitu, wannan ɓeran ya fi ka kitse. A wane gida yake cin abinci?”

Na ce ya je ya tambaye shi.

Niyyata in gyara komai kafin damina, Allah ya sani. Sai ruwa ya yi min sammako. Aka kwarara shi ranar wata Laraba, ƙasa ta jiƙe sharkaf, da hantsin Alhamis sai ga Ishiyaku ƙanin Ramlatu a kan babur daga Tarai, ya zo taya ta ɓarar iri, ya kuma ɗebi kaɗan, wai bana yana so ya dawo da gyaɗar Iya gonar gidansu.

Ya ce, “Yaya Shitu, sarkin kwalliya, wannan hula ai sai ta hana ruwa sauka.”

Na ce, “Kai dai sauke ƙafarka daga tabarmata, ka kwaso min laka.”

Ramlatu ta yi bisimilla ta buɗe ƙofa. Wari ne ya fara fitowa. Buhunan nan biyu sun zube kamar rigar da aka cire, ɓawo ya rufe ƙasa, kashin ɓera ko'ina, ga wasu sun yi sheƙa a cikin buhun har da 'ya'ya. Ta durƙusa ta cusa hannu ta damƙo, ta buɗe tafinta. Ɓawo. Ta sake damƙowa. Ɓawo.

Ni kuwa na ga idan ban riga kowa magana ba, maganar za ta zo inda ba na so. Na ɗaga murya har maƙwabta suka leƙo, Habu ma ya shigo da wuƙarsa a hannu, yana zaton gobara ce.

“Ina munafukar magen nan? Maciya amana! An ba ki ci, an ba ki sha, an ba ki suna, aiki ɗaya tak aka sa ki! Wallahi yau sai ta bar gidan nan! Raguwa, mai barci a hular mutane!”

Ishiyaku bai kula ni ba. Ya tura ƙofar ya leƙa bayanta, ya sunkuya ya fito da rabin bulo.

Ya ce, “Yaya Ramlatu, ta ina za ta shiga? An toshe kafar ta ciki. Daga waje sai ka ga duhu ka ɗauka a buɗe take.”

Na ce, “Ikon Allah! Bulo ya faɗo daga sama.”

Ya juya shi. Gefe guda ya rine shuɗi da bula, ga busasshen sitati ya yi masa ɓawo. Duk unguwar nan an san bulon da nake ɗora bahon wankin hula a kai.

Habu ya ce, “To, Malam, kai ka koya mana mage na gane mai gaskiya. Ga ta nan, a bar ta ta yi shari'a.”

Tana kan katanga tana lasar ƙafa. Na roƙi Allah a zuciyata ta zauna inda take. Ina! Ta diro, ta ratsa mutane ɗaya bayan ɗaya, ta zo ta kama rigata da farce ta haye, ta cusa kai cikin aljihu. Na danne, ta ja. Na ƙara dannewa, ta sa farce ta farke shadda tun daga aljihu har gwiwa. Kifi ya zubo a tsakar gida, har da kawuna. Ta zauna a kan ƙafata tana ci tana yin wannan kirarin nata.

Habu ya ce, “Ashe zuciyar a aljihu take.”

Dariyar da aka yi ba ta dame ni ba kamar yadda Ramlatu ta ƙi yin ta. Ta ɗago ta dube ni ta ce, “Malam, kifin na yafe. Bulon ma sai in yafe. Amma na ɗauko mukulli zan buɗe, ka kira min sunan Iya.”

Na cire hulata na ajiye, na je na ɗauko faifai.

Kwana uku na yi a ƙofar sito da faifai a cinya, ina tsince ɓawo ɗaya bayan ɗaya, ba hula a kaina, duk mai wucewa ya yi min sannu da aiki da wata irin murya. Abin da ya tsira kwano ɗaya ne da ɗan kai. Ishiyaku ya koma Tarai hannu wofi. Ramlatu ta shuka kunya shida kacal a gefen gona, ta ce bana ba mai, ba ƙuli-ƙuli, ko ƙwaya ɗaya ba za a taɓa ba, duk iri ne. Ni nake nome su, ni nake korar awaki, kuma kullum ina duban sama, don idan damina ta yi gardama gyaɗar Iya ta tafi ke nan, kuma da hannuna.

Ita kuwa, tun ranar da aka cire bulo aka daina kifi, ta koma Dogariyarta. Jiya ta wuce ni a zaure, na kira ta da sunayen biyu, ko kunnen ba ta juya ba.

To, kun ji ƙarata. Yanzu da na jera ta da bakina daga farko har ƙarshe, na lura da wani abu da bai yi min daɗi ba. Mage ba ta sayi kifi ba. Mage ba ta san inda mukulli yake ba, kuma ba ta iya ɗaukar bulo. Ta yi kuka a ƙofa, ta kawo min shaida har cikin takalmi, na ce gaisuwa ce. A mayar da tirelar, na janye. A rubuta a takarda: Shitu ne.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Mai neman a yabe shi ko ta halin ƙaƙa, komai ya gani fassara shi yake yi da abin da zai faranta masa rai, har gargaɗi ma yabo yake jin sa. Kada ka janye kowa daga aikin da aka damƙa masa don ya zo ya ƙawata maka zama, mutum ne ko dabba. Idan kuma ka yi kuskure ƙarami, ka faɗa tun ana iya gyarawa, kada ka rufe shi da sunan wanda ake girmamawa, domin asarar ba a kanka kaɗai za ta tsaya ba, za ta faɗa kan wanda ya yarda da kai.