Ranar da Arzika Ya Ce Bai Gani Ba

An yi wani mutum, jama'a, a wani gari da ba zan faɗi sunansa ba, don na san halinku, in na faɗa gobe wani zai hau mota ya tafi neman gidan. Kuma ba zamanin da can ba ne, zamaninmu ne wannan na waya da kyamara. Ku gyara zama. Masu gyangyaɗi a baya ku wartsake, don labarin nan ni kaina duk ranar da na ba da shi sai tsigar jikina ta tashi.

Sunan bawan Allahn nan Arzika. Ɗan masunta ne, jikan masunta, a gidansu yaro kan iya iyo kafin ya iya ɗaura wando. Talauci ba abin kunya ba ne a gidan nan, yunwa ma ba abin kunya ba ce. Abin kunya guda ɗaya ne, a ce ruwa ya ruɗe ka. Da gulbinsu ya ja baya, kifi ya yi ƙaranci, sai Arzika ya shigo birni ya sami aikin tsaron ruwa a wurin ninkaya na gari, wani makeken tafki na siminti da tayil, inda kowa ke zuwa wanka in zafi ya matsa. Su biyu ne masu tsaron, shi da wani Nomau, shi ma ɗan bakin gulbi, ƙaƙƙarfa, mai baki kamar reza. Shekara tara Arzika yana kan doguwar kujerar masu tsaro da usur a wuyansa, ba a taɓa fitar da gawa ba. Bai taɓa yin alfahari da baki ba, amma a zuci, to, ɗan Adam ne.

Ana nan sai wata 'yar garin da ta yi karatun injiniya, Balaraba, ta zo da wani abu. Aka kafa kyamarori a sama, aka kafa wasu a cikin ruwa, aka haɗa su da na'ura, aka ba kowane mai tsaro wani agogo ya ɗaura. Ta ce wa Arzika, "Baba, in mutum ya kwanta a ƙasan ruwa ya daina motsi, agogon nan zai girgiza a hannunka, ya nuna maka lambar wurin. Ba ya iyo, ba ya ceto. Kira kawai yake yi, sauran aikin naka ne."

Arzika ya juya agogon ya ce, "'Yata, shi ba ya ƙiftawa?"

Ta ce, "Ba ya ƙiftawa, Baba."

Ya ce, "To ya fi ni da ɗaya. Ɗaura mini."

Ku saurara, ga abin da da yawanku ba ku sani ba. Wanda ruwa zai ci ba ya ihu. Ku kuna tsammani zai ɗaga hannu yana a taimake ni, a taimake ni. Ina. Bakin da ke neman iska ba shi da sararin magana. Shiru yake tafiya, a tsakiyar mutane, ana dariya a gefensa. Arzika ya san wannan tun yana yaro, shi ya sa bai raina agogon ba.

Sai dai fa agogon nan sabon shiga ne, yana da zumuɗi. Ran farko ya girgiza, Arzika ya busa usur ya faɗa ruwa, ya fito da tawul. Bayan kwana uku ya sake, ya fito da baƙar leda. Wata rana kuma hular wani ce ta nutse. Kowane kira sai an fitar da kowa daga ruwa, mutane na tsaye suna ɗiga suna tsaki, ga dattijo da furfurarsa ya fito riƙe da leda. Nomau dai tun a mako na biyu ya kwance nasa ya jefa a aljihun rigarsa, ya rataye rigar a ƙusa. In agogon Arzika ya motsa sai ya ce, "Yaya, yi sauri, ubangidanka na kira. Yau me za a kamo mana, takalmi?"

Arzika yakan ce, "In kamo leda sau ɗari ya fi mini in kamo gawa sau ɗaya." Ya matse rigarsa ya koma kujera. Abin yana yi masa ciwo, kada ku ce ba ya yi, amma bai taɓa kwance agogon ba.

Balaraba tana ta gyara, kuskuren yana raguwa, amma ƙorafi ya riga ya kai kunnen shugaban kwamitin wurin, Alhaji Maiwada. Alhaji ya ce a bari a wuce Sallah, sai a zauna a yanke ko a cire kayan nan.

To ga Sallah ta zo, kuma ta faɗo a tsakiyar bazara. Rana ta uku da la'asar, tafkin nan ya cika ya batse, ko allura ka jefa a kan mutum za ta sauka. A ɓangare mai zurfi wasu abokai suka shiga gasar nutso. Kun san wasan, mutum ya ja numfashi ya nutse, saura su tsaya a baki suna ƙirgawa da ƙarfi, wanda ya fi daɗewa shi ne gwani. Aka zo kan wani tela, Basiru, magidanci mai 'ya'ya biyu, wanda abokai suka yi ta zolaya wai zaman keke ya cinye masa huhu. Ya ce yau za su gani. Ya nutse.

Ashirin. Talatin. Arba'in. Abokai na tafi suna tsalle. Hamsin. Aka fara yi masa kirari. Sittin. Wani ya ce yau Basiru ya kafa tarihi.

Ina Arzika? Yana kan kujerarsa, idonsa a kan wurin, yana ganin inuwar mutumin a ƙasa. Kuma, jama'a, shi ma ƙirgawa yake yi. A zuci yake bin su, sittin da biyar, sittin da shida, yana murmushi. Ya tuna mahaifinsa da kan nutse a gulbi har mata su fara salati sannan ya ɓullo da kifi a hannu. Ya ce a ransa, kai, wannan telan da a gidanmu aka haife shi da an yi masunci. Sanin ruwan da yake taƙama da shi, shi ne ya rufe masa ido.

Sai agogo ya girgiza. Lamba ta shida.

Zuciyarsa ta ce, ai gwani ne, ƙarfen nan bai san nutso ba. Amma jikin da ya saba tashi saboda leda bai tsaya jin shawarar zuciya ba. Kafin ya gama tunanin ƙafafunsa sun bar kujera. Ya tsaga ruwa, ya isa ƙasa, ya taɓa kafaɗar Basiru, sai hannun mutumin ya yi lilo kamar tsumma. Ashe tun tuni ya suma. Ya cicciɓo shi, ya fito da shi baki, abokai har lokacin wani yana cewa saba'in da tara. Ya shimfiɗa shi, ya danna ƙirji, ya hura masa iska, ya danna, ya hura, ya danna, ya hura. Can sai Basiru ya yi tari, ruwa ya ɓulɓulo ta baki da hanci, ya buɗe ido.

Allahu Akbar. Ku zo ku ga murna. Aka ɗaga Arzika sama, masu kuka na yi, masu kabbara na yi. Kafin magariba labari ya zaga gari, wai mutum ɗari suna kallo ba wanda ya gane, sai idon ɗan masunta. Ba wanda ya lura da agogo, wa zai kalli hannun mutum a wannan rububin? Alhaji Maiwada ya ce ran Juma'a bayan an sauko masallaci za a taru a naɗa Arzika shugaban masu tsaron ruwa na gari, a kuma cire kyamarorin. Ya ce, "Me za mu yi da ƙarfe, ga ido irin wannan?"

Washegari da hantsi Balaraba ta same shi yana tsame ganye daga ruwa. Ta gaishe shi ta ce, "Baba, na'ura ta rubuta cewa ta yi kira. Na faɗa wa Alhaji, ya ce ai ka riga ta gani. Ni ba ni da hanyar sanin abin da ke cikin idonka. Kai kaɗai ka sani."

Ya ci gaba da tsame ganyensa, ita kuma ta wuce.

Kwana uku bawan Allahn nan tuwo ba ya wuce masa. Ku duba fa, ba ƙarya aka ce ya yi ba. Shiru kawai zai yi, shiru, a ba shi girma. 'Yan uwansa har sun aiko daga bakin gulbi cewa suna tafe, a karon farko za su ga an ɗaga sunan gidansu a birni. In ya buɗe baki, a gabansu zai ce ruwa ya ruɗe shi. In ya yi shiru kuwa, a cire kayan, kuma wata rana wani zai kwanta a ƙasan ruwan nan shi kuma yana kallonsa yana ƙirgawa. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, na kunyar duniya da na tsayuwa gaban Allah, kowanne yana ja ta gefensa.

Juma'a ta zo. An kafa rumfa, an jera kujeru, ga Basiru da iyalinsa a sahun gaba, ga dattawan masunta da manyan rigunansu. Alhaji ya yi jawabi ya yaba idon Arzika har ya gaji, sannan ya miƙa masa lasifika. Arzika ya karɓa. Ya yi sallama ya ce, "Alhaji, Allah ya ƙara girma. Jama'a, ku yafe ni, ban gani ba."

Aka kalli juna.

Ya ce, "Ina kallonsa, amma ban gani ba. Tare da abokansa nake ƙirgawa, na kai sittin da takwas, ina jin daɗin gwanintarsa. Wannan ne ya kira ni." Ya ɗaga hannu ya nuna agogon. "Da don ta idona ne, da yau zaman makoki muke yi a gidan Basiru. Ni na ɗauko shi, wannan gaskiya ne, amma ba ni na gane ba. In za a cire wani abu a wurin nan, a cire ni a bar kayan."

Wani ya ƙyalƙyale da dariya a baya. Babban wansa ya tashi ya kaɗe riga ya fita, sauran masunta suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Alhaji ya haɗe rai, don ba wanda ke son a kwance masa zani a kasuwa. Ya karɓi lasifika ya ce to, tunda mai abu ya faɗa da bakinsa, kaya za su zauna, shugabanci kuma a ba Nomau. Haka aka tashi. Arzika ya koma gida a ƙasa shi kaɗai, ba shugabanci, 'yan uwa kuma sun juya baya. Sai dai a ranar ya cinye tuwonsa tas har ya nemi ƙari.

Kuna jira in ce washegari aka gane kuskure aka dawo masa da girmansa ko? Ba a dawo ba. Wansa ya shekara bai taka gidansa ba. Abu ɗaya ne ya canza, da safe aka ga Nomau ya zo aiki da agogo a hannu, kuma bakin nan nasa bai ƙara zolayar Arzika ba.

Bazara ta zagayo. Wata Asabar, ranar yara, ruwa ya cika da hayaniya, agogon Nomau ya girgiza. Ya faɗa, ya zaro wata yarinya 'yar shekara shida daga ƙarƙashin ƙafafun 'yan uwanta, ba wanda ya san ta tafi. Aka yi ta fama har ta yi kuka. Uwar ta zo a gigice, ta rungume 'yarta, ta durƙusa gaban Nomau tana godiya tana hawaye. Nomau ya ja da baya ya ce, "Baiwar Allah, tashi, ba nan za ki durƙusa ba." Ya nuna mata can ƙarshen tafki, inda dattijo Arzika ke tsaye yana fitar da sauran yara daga ruwa. Ya ce, "Ga wanda ya ceci 'yarki can. Tun bara ya cece ta."

To, 'yan uwa, ga darasin, ba sai an yi nisa ba. Gaskiyar da za ta rage maka girma ta tsare ran wani, faɗinta wajibi ne a kanka, ko da ba wanda ya tambaye ka. Shiru ma yakan zama ƙarya. Kuma ilimin da Allah ya ba 'ya'yanmu su ƙera abin da zai taimake mu, ni'ima ce, ba kishiyar gwaninta ba ce, mai raina ta girman kai ne ke damunsa ba sani ba. Direban da ke cikinmu, ka san idonka ya fara gajiya, ka faɗa. Unguwarzoma, haihuwa ta fi ƙarfinki, ki ce a tafi asibiti tun da wuri. Malami, an tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ban sani ba, rawaninka ba zai faɗi ba. Ku masu kai yara wanka, ku sa ido, kada ku jira ihu. Kowannenmu akwai inda aka yabe shi a kan abin da ba nasa ba, ya yi shiru ya karɓa. Yau kafin ka kwanta ka tambayi kanka, wa shirun nan nawa zai cutar? Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya ko da a kanmu take, ya tsare mana zuri'armu a tudu da ruwa. Ku ce amin.