Dila Mai Duba Harsashi

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun matso.

Wani mai kilishi ne ana ce masa Mantau, ƙato mai tumbi, wanda bai taɓa kashe ko ɓera a daji ba. Kullum maharba suka biyo ta rumfarsa sai su yi masa tsiya, su ce shi jarumtarsa a kan naman da ya riga ya mutu take. Abin ya ci masa rai. Ran nan ya tafi birni ya dawo da bindiga sabuwa fil, ba irin ta maƙera da ake ɗura wa albarushi ba, mai cin harsashi ce, da ɗan ƙarfen saiti mai ƙusa a bayanta. Mai sayarwa ya ce masa, "Kafin ka fita farauta ka yi alama a jikin itace ka harba. In harsashi ya faɗi hagu, ka murɗa ƙusar nan ya koma dama, har ya riƙa faɗawa inda idonka yake."

Mantau ya rataya jakar kilishi, ya nufi bayan gari. Ya shafa farar ƙasa a jikin wata kuka, ya ja da baya can nesa, ya kafa gindin bindiga a kafaɗa, ya runtse ido ɗaya, ya ja kunama. Ƙara ta tashi, shi kuma ya zauna daɓas. To, tsakaninsa da kukar nan duk ƙarangiya ce, ga rana, ga tumbi. Ya dubi nisan wurin, ƙyuya ta hana shi zuwa duba inda harsashi ya faɗi.

Ashe Dila na laɓe, ƙamshin kilishi ya hana shi sakat. Ya fito yana sunkuyar da kai.

"Sannu da aiki, Sarkin Fawa. Babban mutum kamarka ai ba ya shiga ƙarangiya. Ni in dubo maka, kai ka ɗan yago mini."

"Jeka, Malam Dila."

Dila ya je. Ga ramin harsashi nan a tsakiyar alama cif, ko da yatsa aka nuna sai haka. Ya ce a ransa, "In na faɗi gaskiya yau aiki ya ƙare, kilishi ya ƙare, gobe kuma mu za a fara nema." Sai ya cusa farar ƙasa a ramin, ya share da wutsiya, ya dawo yana girgiza kai.

"Ya yi hagu, Sarkin Fawa."

Mantau ya murɗa ƙusa, ya yaga kilishi, ya harba. Dila ya je ya dawo. "Ya yi hagu." Aka murɗa, aka yaga, aka harba. "Saura ƙiris, amma ya yi hagu." Haka yau, haka gobe, haka jibi. Bindiga ta koma tana jefa harsashi can hannun dama inda ba wanda ya aike shi, Dila kuwa har wuyansa ya fara ninkewa.

Ran nan yana komawa gida yana gyatsa, sai ji ya yi an taka masa wutsiya. Kura ce.

"Kai, ƙamshin yaji da ƙuli nake ji. Buɗe bakinka. A'a, bar shi ma, in na cinye ka na cinye har da abin da ke ciki."

"Haba, Inna Kura! Ki cinye ni ki ƙoshi yau kaɗai? Maganin bindiga gare ni. In na ba ki, rumfar mai kilishin gaba ɗaya taki ce, da rana tsaka."

"Ƙarya kake."

"Ki zo gobe ki gani da idonki."

Gari ya waye. Dila ya kai ta bayan wata sabara da ke dama da kukar, ya auna da ido, ya ce ta ƙara matsawa kaɗan, nan ne inuwa ta fi. Kura ta baje tana lashe baki. Mantau na zuwa, Dila ya wafce jakar kilishi ɗungurungum, ya ruga gindin kuka, ya hau tiƙar rawa yana kaɗa masa wutsiya. Ran Mantau ya ɓaci. Ya saita Dila a tsakiyar goshi, ya ja kunama.

Sabara ta yi kururuwa. Kura ta fito tana jan ƙugu, ta yanki daji tana tsine wa Dila da magani da wanda ya haƙo shi. Har yau in kun lura bayanta bai miƙe ba.

Da mai hankali ne, da a nan ya gudu. Dila kuwa ya ce bari ya ɗan ɗanɗana tukuna, ya zura kai cikin jaka, ya ci gaba da ɗanɗanawa har ya ji hannun mahauci a ƙeyarsa. Ya saki fitsari, ya fara salati.

Amma Mantau dariya yake yi, har da hawaye. "Malam Dila, yau na gane halin bindigar nan! In na auna itace ba ta cin komai. In na auna ka, sai ta sami abin da ke gefenka. Daga yau ni da kai ba rabuwa."

Ya ɗaura masa igiya a wuya. In an hango gada, sai ya ce Dila ya lallaɓa ya tsaya hagu da ita, shi kuma ya saita Dila ya harba, gada ta faɗi. Maharba suka daina tsiya, suka koma gaishe shi da hannu biyu. Dila kuwa kullum yana tsaye yana kallon baƙin ramin bindiga. Ko kilishi aka ba shi ba ya wucewa, ya rame, haƙarƙarinsa duk suka fito. Wallahi har ni ya ba ni tausayi, kaɗan dai.

Abin bai tsaya nan ba. Ƙusar nan ta sha murɗa har ta saki, kowane harbi sai ta ɗan koma baya. Jiya harsashi ya wuce can nesa, yau Dila ya ji iskarsa, washegari ya aske masa gashin kunne. Ya faɗi gaskiya? Sai a tambaye shi kilishin da ya ci, ga kuma wuƙar fawa a ƙugun Mantau. Ya yi shiru? Gobe a goshi za a same shi.

Ya durƙusa. "Sarkin Fawa, zan gaya maka abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Asirin nan ba a jikina yake ba. A wutsiya yake. Ka ɗaura ta a sanda ka kafa inda kake so, ba ci, ba sha, ba jan igiya."

"Ka yarda in yanka?"

Dila ya dubi wutsiyarsa, wadda ya share ramin harsashi da ita, wadda ya yi rawa da ita. Ya runtse ido. "Yanka, amma ka bar mini abin korar ƙuda."

Mahauci ai ba a koya masa yanka. Kafin Dila ya gama ihu an gama, an kwance igiya. Ya zura da gudu, bai tsaya ba sai da ya haye tudu.

Mantau ya ɗaura wutsiyar a sanda, ya kafa ta a gefen wata zabuwa, ya auna wutsiya, ya harba. Wutsiya ta yi fata-fata, zabuwa ta tashi abinta. Ya ɗaga murya, "Malam Dila! Ina ya faɗi?"

Daga kan tudu Dila ya shafa dungulmin bayansa, ya amsa da kuka, "Tsakiya, Sarkin Fawa! Tun ranar farko ma tsakiya ne!"

Ƙurunƙus, kan ɓera ya faɗa tukunya. Wanda duk aka aika duba harsashi, in ba zai faɗi gaskiya ba, to ya tabbata yana da wutsiya biyu.