Ranar da Aka Yaye Rumfar Attarugu

Akwai wata mace da take da ɗan lambu a bayan gidanta, ana ce da ita Maman Dogara. Kafin mahaifiyarta ta rasu, ta bar mata irin attarugu ƙulle a tsumma, irin ƙauyensu, mai ƙamshin da in an jefa ɗaya a miya har maƙwabta sai sun sani. Irin bai cika tafin hannu ba, ba kuwa wanda ya rage da shi sai ita. In ya mutu, shi ke nan, ya tafi.

Da bazara ta kama, sai ta gyara wuri, ta zuba taki, ta yafa irin, ta kafa masa rumfar ciyawa saboda rana. Safe da yamma tana ban ruwa. Ya tsiro kore shar, dogo siri-siri. Ai fa ba ta da zance sai nasa. Ko a ƙofar majami'a kuka haɗu, kafin ka gama gaisuwa ta ba ka labarin attarugu.

Maƙwabcinta wani tsoho ne, Baba Habila, shi ma mai lambu. Wata rana yana kafa wa tumatirinsa sanduna, sai ya leƙo ta kan darni, ya ce, "Sannu da aiki, Maman Dogara. Yaushe za ki yaye rumfar nan?"

Ta ce, "In yaye, Baba? A wannan ranar mai gasa mutum?"

Ya ce, "Dashe ya kusa. Ki riƙa zare ciyawar kaɗan-kaɗan, ki rage ruwan, su saba tun suna nan. A fili ba wanda zai riƙe musu laima."

"Haba Baba! Irin mamata ne fa, ba ni da wani."

"Shi ya sa na faɗa miki, 'yata."

To, ba ta so ta ƙi maganar babba, ba ta kuma so ta bi. Sai ta yi dabarar nan da dukanmu muka iya: ta yaye rabi, ta bar rabi a inuwa. Da rana ta take, na sarari suka langaɓe. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta je bakin darni da hawaye, ta ce, "Baba, ka gani ko? Ka sa na kashe su!" Tsohon bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Ki dawo da yamma." Da yamma kuwa ta tarar sun miƙe. Haka suka yi ta yi, su kwanta su tashi, har karansu ya yi kauri. Gajeru ne dai, ba su kama ƙafar na inuwa a kyau ba.

Ruwan farko ya sauka, ta dasa su duka a fili. Sai ruwa ya ɗauke, rana ta buɗe kamar ba a taɓa yin hadari ba. Dogayen nan kyawawa na inuwa suka zube ƙasa, suka bushe, ko ɗaya bai kai labari ba. Gajerun kuwa ko a jikinsu! Sun riga sun san rana. Suka tsaya daram har ruwa ya dawo, suka yi rassa, suka yi fure, suka cika da 'ya'ya jajaye wur har sai da ta tokare su da itace.

Ranar tsinkar farko, Maman Dogara ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse. Ta cika ƙwarya ta miƙa ta kan darni, ta ce, "Baba, naka ne." Ta kai daro guda majami'a ranar godiyar kaka, tana rawa. Sauran ta shanya ta raba iri gida-gida, har ya zama ba lambun da ba attarugun mamarta a unguwar.

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, ita ce: irin nan bangaskiyarmu ce, rumfar kuwa jin daɗin da Ubangiji yakan rufe mu da shi sa'ad da muke ƙanana. Inuwar ba laifi ba ce, da ita muka tsiro. Amma Ubangiji ya san filin da zai dasa ka, kai ba ka sani ba. In ya fara zare ciyawar, addu'a ta yi jinkirin amsuwa, wahala ta ɗan taɓa ka, kada ka ce ya yashe ka. Ka jira yamma.

Ku kuma iyaye, da ku nake! Yaro ya girma, ba ya shara, ba ya ɗaukar fartanya, ba ya iya buɗe baki ya yi addu'a sai kun yi masa, kuna cewa ƙauna ce. Ba za ku bi shi da rumfa har ƙarshen duniya ba. Ku fara zarewa tun yana gabanku, inda in ya langaɓe kuna kusa. Maman Dogara ta yi hasarar rabin da ta fi tausaya wa, rabin da ta yi kuka a kansa kuwa shi ya ciyar da unguwa. Ubangiji ya sa a same mu a tsaye ranar da ruwa ya ɗauke. Amin.