Katangar Madugu Cindo da Tukwanen Yalwa

An ce wai a zamanin da, a wani gari da ake kira Kwarin Gawo, an yi wani sarki mai suna Nagoma, wanda ya kafa doka a kan tsawon katanga. Gobara ce ta jawo dokar. Wata shekara wuta ta kama a wani gida, maƙwabta suna jin ihun mutanen ciki, amma katanga ta fi ƙarfin a haura, kafin a fasa ta an yi asarar rai. Tun daga nan sarki ya ce kada katangar kowa ta wuce kamu biyar daga ƙasa. Aka yanko gora mai kamu biyar aka ba Sarkin Magina, ya riƙa zagayawa yana aunawa. Aka kuma yi shela cewa duk mai uzuri ya zo fada ya faɗa, a duba.

A garin akwai wata tsohuwa mai ginin tukwane, sunanta Yalwa. Mijinta ya rasu ya bar mata wani siririn gida. Ɗakuna sun tare yamma, saboda haka rana ba ta shigo mata sai ta gabas. Da hantsin nan take busar da tukwanenta kafin ta gasa, da tukwanen take cin abinci. Ta gabas ɗin kuwa maƙwabcinta shi ne Madugu Cindo, attajirin da gidansa yake bakin hanyar ayari.

Wata kaka Yalwa ta tafi ƙauye wajen 'yarta da ta haihu, ta jima a can. Ranar da ta dawo, da hantsi ta shigo gida, amma sai ta tarar da tsakar gidan duhu dumɗum kamar hadari ya haɗo. Ta ɗaga kai. Inda ta saba ganin sama, jar katanga ta gani ta miƙe, sai da ɗankwalinta ya zame kafin idonta ya kai ƙarshenta. Ƙunshin kayan da ta ɗauko a ka ya faɗi, ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Wa ya kawo mini ganuwa cikin gida?"

Ta yi haƙuri ta gwada aiki a haka. Rana ba ta leƙowa sai ta take tsaka, kafin a jima kuma ta faɗa bayan ɗakuna. Tukwanen suka ƙi bushewa har ciki. Da ta jera su ta sa wuta, sai ta ji suna fashewa ɗaya bayan ɗaya, tas, tas, ita kuwa tana tsaye riƙe da baki. Gashi na biyu ma haka. Nan ta gane cewa in katangar nan ta tabbata, sana'arta ta mutu, gidan mijinta ma sai ta bar shi. Ta yafa mayafi ta tafi wajen Sarkin Magina.

Sarkin Magina ya zo da gorarsa ya jingina a tsakar gidan Yalwa. Gora ta ƙare, katanga ba ta ƙare ba, har da rarar kamu uku. Yana shirin magana sai ga Madugu Cindo ya yi sallama yana murmushi, ya ce, "Sarkin Magina, ai ka yi ɓatan kai. Katangar gidana ake aunawa a gidan wani? Bismillah, mu shiga."

Suka shiga, Yalwa na biye. Daga zaure sai ta ga suna hawa matakala. Ashe Madugu ya sa jakuna sun yi ta jigilar ƙasa, an cike gidan kaf an daɓe, har ya zama tudu. Sarkin Magina ya kafa gora. Kamu biyar cif.

Madugu ya ce, "Doka ta ce daga ƙasa. Wannan da muke takawa, sama ce?"

Sarkin Magina ya dubi gora, ya dubi ƙasa. Yalwa ta ce, "Madugu, ka ji tsoron Allah. Ni na gina randar da aka zuba ruwa ranar sunanka."

Ya ce, "Iya, ni ban taɓa miki ko tsinke ba. In gidan ya yi miki duhu, ki faɗa, sai na karɓa in yi wa jakuna turke."

Magana ta kai fada. Sarki Nagoma ya ce shari'ar katanga a gindin katanga ake yin ta. Washegari ya taso da 'yan majalisarsa, ya fara shiga gidan Madugu ya ga awo da idonsa, sa'an nan ya zagayo gidan Yalwa. Mutanen unguwa suka cika gidan har lungu. Ya daɗe yana kallon tarin fasassun tukwane a gefe. Can ya juya ga Madugu.

"Madugu, katangarka kamu nawa ce?"

"Biyar, Allah ya ba ka nasara."

"To, wannan kamu ukun na ƙasa da muke gani daga nan fa?"

"Ranka ya daɗe, ba ya cikin lissafi. Ƙasa ce, kamar kowace ƙasa."

"Ka tabbata ba katanga ba ce?"

"Ko kusa, Zaki. Ƙasa ce."

Sarki ya gyaɗa kai ya ce, "Jama'a, ku shaida. Katangar Madugu kamu biyar ce, bai karya doka ba."

Gidan ya ɗauki salati. Yalwa ta zauna daɓas a kan kifaffen turmi. Ita da ta kwana da tabbacin cewa in sarki ya gani da idonsa magana ta ƙare, ga shi ya gani, ya kuma ba wanda ya kashe mata rana gaskiya. Har ta fara tunanin abin da za ta iya ɗauka a ka zuwa ƙauye, sai ta ji sarki yana mata magana.

"Iya, a ina kike samo ƙasar da kike aiki da ita?"

Ta share ido ta ce, "Bayan gari, ranka ya daɗe, can bakin kududdufi. Gwiwoyin ma sun fara ƙi."

"To, ki huta. Al'adar garin nan, duk ƙasar da take cikin gidan mutum yana iya haƙar abarsa, ya yi yaɓe ko ya gina tukunya. Ga ƙasa har kamu uku ta shigo miki gida, mai ita kuma ya shaida ƙasa ce. Ina daginki?"

Yalwa ta tsaya tana kallonsa, ba ta fahimta ba. Wani dogari ya ɗauko dagin da take haƙar yumɓu ya danƙa mata. Sarki ya nuna gindin katanga ya ce, "Fara daga nan. In kin gaji, matasan unguwa su taya ki."

Ta miƙe, ta ɗaga dagi ta sara. Ɓangare guda ya ɓalle ya faɗo. Ta ɗaga za ta ƙara, sai Madugu ya yi tsalle ya shiga tsakani, rawani na warwarewa, yana cewa, "Tsaya! Tsaya, Iya! Ranka ya daɗe, za ta kayar mini da katanga! Gindin katangar take sara!"

Sarki ya ce, "Gindin me?"

Zufa ta karyo wa Madugu, ya durƙusa.

Sarki ya ce, "Bakinka ne ya auna ta, ba gora ba. In ƙasa ce, ta Yalwa ce, ta haƙa. In katanga ce, kamu takwas ce, ta sauko. Zaɓi ɗaya."

Madugu ya sunkuyar da kai ya ce, "Katanga ce. Amma Allah ya ba ka nasara, ba don mugunta na fara ba. Gidana a bakin hanyar ayari yake. Duk wanda ya wuce a kan raƙumi sai ya ga iyalina a tsakar gida."

Sarki ya ce, "Wannan uzuri ne na gaske, kuma da ka kawo shi fada da ka samu biyan bukata ba tare da ka gajiyar da jaki ko ɗaya ba. Ka ga roƙo ƙasƙanci ne, ka zaɓi dabara. To, ji. Ta bakin hanya na yi maka alfarma, ka bar ta kamu takwas, don inuwarta a kan masu wucewa take faɗawa, su kuwa so suke. Sai dai ka fasa ƙofa ta biyu saboda gobara. Ta wajen Yalwa kuwa, kamu biyar, kuma daga tsakar gidanta za a auna."

Sarkin Magina ya yi lissafi da yatsu ya ce, "Ranka ya daɗe, in an yi haka, daga cikin gidansa katangar iyakarta ƙugu. Iyalinsa za su zama kamar a kan faifai."

Sarki ya ce, "Jakunan da suka kawo ƙasar ai ba su mutu ba."

Dariya ta ɓarke. Yalwa ta tsinci ɓangaren da ta sara, ta murtsuke shi a hannu, ta ce, "Ya kwashe abarsa, ranka ya daɗe. Duk yashi ce, ko kasko ba za ta yi ba."

Haka aka yi ta ganin jakunan Madugu suna fita da ƙasar da suka shigo da ita. Ranar da magina suka sauke kamu na ƙarshe, Yalwa ta jera ɗanyun tukwane a gindin katanga tun da sassafe, ta zauna tana jira. Da hantsi ya haura ya sauka a bakin tukunyar farko, sai ta miƙa hannu ta tare shi, ta daɗe ba ta janye ba.

Tun daga ranar, in aka kawo ƙarar katanga a Kwarin Gawo, a gidan maƙwabci ake kafa gora. Masu hankali kuwa suka riƙe wannan: kafin a yi wa mutum alfarmar ƙara tsawo, a fara duba a kan wa inuwarsa za ta faɗa.